Lokacin Epifaniya: Tambayoyi da Amsoshi a kan Idin Bayyanuwar Almasihu

Da zarar an gama Kirsimeti aka shiga sabuwar shekara, mutane da yawa sukan ɗauka cewa babu sauran wani idi a ikilisiya sai Ista. Kalandar ikilisiya kuwa tana da idi babba a ranar 6 ga Janairu, wanda a wasu ƙasashe ya girmi bikin 25 ga Disamba, kuma makonnin da ke biye da shi suna da nasu karatun da nasu saƙon. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan lokaci, tare da amsoshinsu.

Mene ne Epifaniya?

Epifaniya idi ne da Kiristoci suke tunawa da yadda Allah ya bayyana kansa ga duniya ta wurin Yesu Almasihu. Sunan daga harshen Girka yake, ma'anarsa bayyanuwa. Ranar idin ita ce 6 ga Janairu, kwana goma sha biyu bayan Kirsimeti, kuma abubuwa uku daga Bishara ne ginshiƙansa: zuwan masana taurari Baitalami, baftismar Yesu a Kogin Urdun, da mayar da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin aure a Kana ta Galili.

Mene ne bambancinsa da Kirsimeti, tun da duka biyun suna magana ne a kan zuwan Yesu?

Kirsimeti yana tunawa da haihuwa, Epifaniya kuma tana tunawa da lokacin da aka gane ko wane ne aka haifa. Bisa ga Bisharar Luka, waɗanda suka san abin da ya faru a daren haihuwar ba su da yawa: Maryamu, da Yusufu, da wasu makiyaya, dukansu Yahudawa. Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ɗauka al'amari ne na cikin gidan Isra'ila kawai. Abin da Epifaniya take ƙarawa shi ne cewa an buɗe ƙofa ga bare, wato al'ummai, kuma an buɗe ta tun yaron bai iya magana ba. Shi ya sa a wannan rana akan karanta Afisawa sura 3, inda Manzo Bulus ya ce asirin da aka ɓoye wa mutanen dā yanzu an bayyana shi, cewa al'ummai ma abokan gādo ne.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura da shi a dukan labaran uku. A kowannensu Allah ne yake fara motsi. Masanan ba su ƙirƙiro tauraron ba, mutanen da ke bakin Urdun ba su roƙi a buɗe sama ba, kuma baƙin da suka sha ruwan inabi a Kana ba su ma san inda ya fito ba. Koyarwar lokacin ita ce ɗan Adam ba ya kai ga sanin Allah da dabararsa, sai Allah ya nuna kansa, kuma yakan nuna kansa ne kaɗan-kaɗan, ga mutanen da ba a zata ba.

Su wane ne masana taurarin nan?

Matiyu kaɗai ne ya ba da labarinsu, a sura 2, aya 1 zuwa 12, kuma abin da ya faɗa a kansu bai da yawa. Ya ce sun zo Urushalima daga gabas a zamanin Sarki Hirudus, suna tambayar inda aka haifi sarkin Yahudawa, domin sun ga tauraronsa. Sunan da ya kira su da shi, asalinsa na wani rukunin firistoci ne na ƙasar Farisa, waɗanda aka sani da duban taurari da fassarar mafarki, daga baya kuma aka riƙa kiran duk mai irin wannan sana'a da shi. Don haka wasu suna ganin daga Farisa suka fito, wasu sun ce Babila, wasu kuma sun ce ƙasar Larabawa saboda irin kyautan da suka kawo.

Abin da ya fi asalinsu muhimmanci shi ne yadda Matiyu ya jera mutanen labarin. Hirudus ya ji zancen ya firgita, ya tara manyan firistoci da malaman Attaura, su kuwa ba su yi wata-wata ba suka ce Baitalami ce, suka kawo annabcin Mika 5:2. Baitalami ba ta kai kilomita 10 daga Urushalima ba, amma Matiyu bai ambaci ko ɗaya daga cikin malaman nan da ya ɗaga ƙafa ya je ba. Baƙin da suka yi doguwar tafiya ba su da Littattafai a hannu, sai da aka karanta musu, amma su ne suka isa suka rusuna. Wannan gargaɗi ya fi shafar mai wa'azi da dattijon ikilisiya fiye da kowa, ko da yake ba kasafai ake tsayawa a kansa ba idan ana nuna wasan kwaikwayon yara a coci.

Gaskiya ne su uku ne, kuma sarakuna ne?

Matiyu bai faɗi yawansu ba, bai kira su sarakuna ba, bai kuma ba da sunayensu ba. An ɗauko ukun ne daga yawan kyautai, kuma Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, yana cikin na farko da suka ƙidaya su haka. A al'adar Kiristocin Suriya kuwa goma sha biyu ake cewa. Batun sarauta ya samo asali ne daga Zabura 72:10-11 da Ishaya 60, inda aka yi maganar sarakuna za su kawo kyautai, da raƙuma daga Sheba ɗauke da zinariya da lubban. Daga nan ma raƙuman da ake zanawa suka fito. Sunayen Kasfar, Malkiyor da Baltazar sun bayyana ne wajen ƙarni na 6, kuma ana ganinsu a rubuce a wani zane na bango a birnin Ravenna na Italiya. Daga ƙarni na 15 masu zane a Turai suka saba nuna ɗayansu baƙar fata, domin su ukun su wakilci Asiya da Turai da Afirka. A shekarar 1164 aka ɗauke wasu ƙasusuwa da ake cewa nasu ne daga Milan zuwa Kolon ta Jamus, inda suke har yau a babbar majami'ar birnin.

Duk waɗannan al'adu ne, kuma ba laifi a san su, muddin ba a koya wa yara su a matsayin Nassi ba. Haka nan zanen da ke nuna masanan tare da makiyaya a bakin komin dabbobi a dare guda. Matiyu ya ce a gida suka sami yaron, kuma umarnin Hirudus na kashe yara maza masu shekara biyu zuwa ƙasa yana nuna cewa wataƙila an ɗauki watanni bayan haihuwar kafin su iso.

Mece ce ma'anar zinariya da lubban da mur?

Tun ƙarni na 2 Ireniyus, bishop na Liyon, ya fassara su da cewa zinariya ta sarki ce, lubban na Allah ne domin shi ake ƙonawa a wurin sujada, mur kuma na wanda zai mutu ne, domin da shi ake shirya gawa. Wannan fassara ta samu gindin zama saboda Yahaya 19:39, inda Nikodimu ya kawo mur don jana'izar Yesu. Lubban da mur ƙaro ne da ake samu daga itatuwan kudancin ƙasar Larabawa da Somaliya, kuma suna da dangi a dazuzzukanmu: hano, wanda wasu ke kira ararrabi, ɗan'uwan itacen lubban ne, dashi kuma ɗan'uwan itacen mur.

Shin an gano wane tauraro ne?

An kawo ra'ayoyi da dama, amma ba wanda ya rufe maganar. Masanin taurari Kepler ya lissafa cewa taurarin Mushtari da Zuhal sun haɗu a sararin sama a shekara ta 7 kafin farkon ƙidayar Miladiyya, lissafin da ya dace da cewa Hirudus ya mutu a shekara ta 4 kafin farkon ƙidayar, bisa ga yawancin masana tarihi. Wasu sun ce tauraro mai wutsiya ne. Yahaya Kirisostom, tun ƙarni na 4, ya ce tauraron da ke tafiya ya tsaya bisa gida guda ba irin wanda aka saba gani ba ne. Ikilisiya ta fi mai da hankali ga Littafin Ƙidaya 24:17, inda Bal'amu, wanda shi ma ba Ba'isra'ile ba ne, ya yi annabcin tauraro daga Yakubu.

Me ya sa ikilisiyoyin Gabas suke maganar baftisma a wannan rana maimakon masana taurari?

Domin a wurinsu, a Urdun ne bayyanuwar ta cika. Ikilisiyoyin Otodoks sukan karanta labarin masana taurari tun ranar Kirsimeti, su keɓe 6 ga Janairu ga baftisma, kuma suna kiran idin bayyanuwar Allah. Dalilinsu shi ne cewa a Baitalami an ga yaro ne, amma a Urdun, bisa ga Matiyu 3:13-17, sama ta buɗe, Ruhu Mai Tsarki ya sauko kamar kurciya, aka kuma ji murya tana shaida cewa wannan shi ne Ɗan da ake ƙauna. A fahimtar Kirista, wannan ne karo na farko da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki suka bayyana a fili a wuri guda.

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya kai marar zunubi ga baftismar tuba. Yahaya Maibaftisma kansa ya so ya ƙi, sai da Yesu ya ce masa ya bari haka domin a cika dukan adalci. Amsar da iyayen ikilisiya suka bayar ita ce ya shiga layin masu zunubi ne domin ya tsaya tare da su, kuma da ya shiga ruwan, ruwan ne ya tsarkaka. Daga wannan tunani aka samo babbar addu'ar sa albarka ga ruwa, wadda ake yi a coci da kuma bakin koguna da teku, mutane su ɗebi ruwan su kai gida. Ikilisiyoyin Yamma ma ba su bar baftismar ba, sun ba ta Lahadin da ke biye da Epifaniya.

Ina ruwan bikin Kana da wannan lokaci?

Yahaya 2:11 ne ya haɗa su, domin ya ce wannan ita ce alama ta farko da Yesu ya yi, da ita ya bayyana ɗaukakarsa, almajiransa kuma suka gaskata da shi. An cika tuluna shida na dutse da ruwa, uban biki ya ɗanɗana ya yaba wa ango, bai san abin da ya faru ba. Masu hidimar da suka ɗebo ruwan su ne suka sani. Tsohuwar addu'ar yamma ta ikilisiyar Roma tana ambaton tauraro da Urdun da Kana tare a ranar idin, a matsayin al'ajabai uku na rana ɗaya.

Yaushe aka fara wannan idi, kuma Littafi Mai Tsarki ya umarta a yi shi?

Babu ayar da ta umarta a yi Epifaniya, kamar yadda babu wadda ta umarta a yi Kirsimeti. Abubuwan da ake tunawa suna cikin Bishara, amma sa musu rana aikin ikilisiya ne. Ambato mafi tsufa ya zo daga Masar: wajen shekarar 200, Kilimen na Iskandariya ya rubuta cewa mabiyan wani malami, Basilides, suna kwana suna karatu don tunawa da baftismar Yesu a ranakun da suka yi daidai da 6 ko 10 ga Janairu. A shekarar 361 wani marubucin tarihi na Roma, wanda shi ba Kirista ba ne, ya ambaci idin a ƙasar da yanzu ita ce Faransa. Wata mai ziyara da ake kira Egeriya, wadda ta zauna a Urushalima a shekarun 380, ta bayyana yadda ake kwana takwas ana bikin tsakanin Baitalami da Urushalima.

A wancan lokaci ikilisiyoyin Gabas suna haɗa haihuwa da baftisma a rana ɗaya, 6 ga Janairu, yayin da Roma take da 25 ga Disamba tun wajen 336. A ƙarshen ƙarni na 4 sai ɓangarorin biyu suka karɓi ranakun juna. Kirisostom ya yi wa'azi a Antakiya wajen 386 yana cewa bikin Disamba bai kai shekara goma da isowa garin ba. Ikilisiyar Armeniya ce ta riƙe tsohon tsarin, har yau ranar 6 ga Janairu take bikin haihuwa da baftisma tare.

Me ya sa wasu suke yi ranar 19 ga Janairu?

Bambancin kalanda ne kawai. Ikilisiyoyin Rasha, da Sabiya, da Urushalima suna bin tsohuwar kalandar Yuliyas, wadda a yanzu take bayan kalandar da muke amfani da ita da kwana 13, saboda haka 6 ga Janairunsu ita ce 19 a wurinmu. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha da Eritiriya suna da nasu kalandar, amma lissafin yakan faɗa a rana guda.

Epifaniya rana ɗaya ce ko lokaci ne mai tsawo?

Amsar ta danganta da ikilisiyar da mutum yake. A Katolika, tun gyaran kalanda na 1969, Epifaniya idi ne a cikin lokacin Kirsimeti, wanda yake ƙarewa da Idin Baftismar Ubangiji, kuma a ƙasashe da yawa ana ɗaga idin zuwa Lahadin da ta faɗa tsakanin 2 da 8 ga Janairu domin jama'a su samu zuwa. Ikilisiyar Ingila tana ƙare lokacin ranar 2 ga Fabrairu, kwana arba'in bayan Kirsimeti, ranar da aka kai Yesu Haikali, inda tsoho Siman ya ɗauke shi ya kira shi haske mai bayyana ga al'ummai. Lutheran da Methodist da wasu ɗarikun suna ci gaba da ƙidaya Lahadi-Lahadi bayan Epifaniya har zuwa jajiberen Larabar Toka, ranar da ake fara azumin da ke kaiwa ga Ista, kuma tun da Larabar Toka tana iya faɗawa ko'ina tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris, lokacin yakan yi gajarta a wata shekara, ya yi tsawo a wata.

A wannan dogon tsari karatun yana tafiya mataki-mataki: baftisma, kiran almajirai na farko, koyarwa a Galili, warkar da marasa lafiya, sannan a Lahadin ƙarshe a karanta sākewar kamannin Yesu a kan dutse, inda aka sake jin muryar da aka ji a Urdun. Daga nan sai a shiga azumi. Fari ne launin ranar idin da na Lahadin baftisma, kuma a ikilisiyoyi da yawa akan koma kore a makonnin da ke tsakiya.

Yaya ake bikin a ƙasashe daban-daban?

A Afirka babu inda ya kai Habasha. Suna kiran idin Timkat, ranar 19 ga Janairu, ko 20 a shekara mai ƙarin kwana. Tun jajibere firistoci sukan ɗauko tabot daga kowace majami'a, wato allon da ke wakiltar Akwatin Alkawari, a naɗe da kyawawan yadudduka, su ɗora a ka, a bi su da laimomi da ganguna zuwa bakin ruwa, inda jama'a sanye da fararen kaya za su kwana suna addu'a. Da asuba a sa wa ruwan albarka a yayyafa wa taron. A Gondar akan cika tafkin Sarki Fasilides na ƙarni na 17 da ruwa, matasa su faɗa ciki. Hukumar UNESCO ta sa Timkat cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2019. Kibɗawan Masar suna kiran ranar Idin Gitas, kuma abincin da aka san ta da shi gwaza ce da rake.

A Girka firist yakan jefa gicciye a teku, samari su yi nutso don ɗauko shi. A Rasha akan fasa ƙanƙara a shiga ruwan sanyi, ko da yake shugabannin ikilisiyar sukan tuna wa mutane cewa wannan al'ada ce, ba wajibi ba ce. A Sifen, da yammacin 5 ga Janairu ake jerin gwanon sarakuna uku, kuma da safiyar 6 yara suke samun kyautansu. A Jamus yara sukan zaga gida-gida suna waƙa suna tara gudummawa don yara mabukata, su rubuta haruffan C, M da B da alli a saman ƙofa, waɗanda ake ɗauka a matsayin roƙon Almasihu ya sa wa gidan albarka.

Idan maƙwabci Musulmi ya tambayi ma'anar idin, me za a ce masa?

A faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Musulmi suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu, suna kuma girmama Annabi Yahaya, amma ba su yarda cewa Isa Ɗan Allah ne ba, alhali wannan shi ne ainihin abin da Epifaniya take shelarwa. Babu amfani a ɓoye bambancin, kuma babu dalilin mayar da bayaninsa gardama.

Ana kiyaye wannan lokaci a ikilisiyoyin Najeriya da Nijar?

Ana kiyaye shi a ikilisiyoyin da ke bin kalandar sujada, kamar Katolika, da Angalikan, da Methodist, da Lutheran irin LCCN mai hedkwata a Numan. Ranar ba hutun gwamnati ba ce, saboda haka a sujadar Lahadi aka fi jin ta. Ikilisiyoyi irin su ECWA da Baptist yawanci ba sa ƙidaya Lahadi da sunan Epifaniya, kuma labarin masana taurari yakan shiga cikin wa'azin Kirsimeti ya wuce. Ikilisiyar da ba ta bin kalandar ba ta yi zunubi ba, amma akwai abin da take rasawa, domin baftismar Yesu da alamar Kana sukan shekara ba a yi wa'azi a kansu ba idan babu ranar da ta tilasta wa fasto ya buɗe wurin. Watan Janairu kuma lokaci ne da ya dace a yi maganar aikin bishara, tun da masu sujada da Hausa, ko Bahaushe ne ko Bajju ko Bachama, duk cikin al'umman nan suke da masanan suka wakilta.

Me ya sa a wasu majami'u ake sanar da ranar Ista a wannan idi?

Al'ada ce daga zamanin da ba kowa ke da kalanda ba. Ista ba ta da tsayayyiyar rana, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kuma Iskandariya ce ta yi suna wajen lissafinta. Bishop na birnin yakan aika wasiƙa zuwa ikilisiyoyi da gidajen sufaye na Masar wajen lokacin Epifaniya, yana sanar da ranar fara azumi da ranar Ista, tare da wata koyarwa. A irin wannan wasiƙa ce, ta shekarar 367, Bishop Atanasiyus ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda suke a yau. Littafin sujada na Katolika yana da wannan sanarwa har yanzu, ana iya rera ta bayan karatun Bishara a ranar Epifaniya, kuma a cikinta ake ambaton ranakun Larabar Toka, da Ista, da Hawan Yesu Sama, da Fentikos, da Lahadin farko ta Adbent, wato lokacin shirin Kirsimeti, na wannan shekara.